Ranar da Bahagon Tozai Bai Tashi Ba

Ranar Lahadi ce, kasuwar Illela ta cika maƙil, Haulatu na tsaron kemis ɗin yayanta, sai ga wani dogon saurayi ya tsaya yana kallon kwalabe kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Ashe kuwa mantawar ya yi.

"Mi kaka so?" ta tambaye shi.

Ya daɗe kafin ya ce, "Maganin ciwon kai."

Washegari ya dawo ya sake saye, bayan kwana biyu kuma sai ga shi. Haulatu ta yi murmushi, don ta san samarin garin nan da ciwon ƙarya idan mai shago ta yi musu. Sunansa Nu'man, amma a fagen dambe Bahagon Tozai ake ce masa, hagunsa ta kai maza da yawa ƙasa. Kafin a gama girbi soyayya ta kama su. Wata rana ya turo mata saƙo a waya.

"Hasken idona, na biyo ta shago ban gan ki ba, duk yinin ya lalace mini."

"Bahagona, salla nit tahi yi. Ka sha magani?"

Bayan la'asar wannan saƙon nasa ya sake shigowa, ko kalma guda ba ta canza ba. Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce. Dariyar ta ƙare ranar da ya ce zai zo gaida mahaifinta, ya bar ta da kwalliya har magariba. Abdulaziz mai fiton kaya zuwa Ƙwanni, wanda ya daɗe yana zagayen shagon, ya samu abin faɗa: ai ɗan dambe kowane gari da budurwarsa. Ta daina ɗaga wayar Nu'man.

Da ya gaji ya zo da kansa, ta yi masa ƙorafin alkawarin da ya saɓa.

"Yaushe munka yi da ke zan zo?"

Ta dubi idonsa tana neman ƙarya, ba ta samu ba.

Sannan ya faɗa mata. Bara an buge shi har ya suma, aka watsa masa ruwa, da ya farfaɗo ya koma fage a yammacin nan, jama'a na yi masa kirari. Tun lokacin kansa ke ƙara, haske na damunsa.

"Haulatu, komi ya yi min nisa. Ko murna ko baƙin ciki, kamar wani aka yi ma su, ba ni ba."

Yayanta ya raka shi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce duka ya taru a ƙwaƙwalwarsa, kuma wani naushin guda na iya kwantar da shi, ko ya tashe shi wani mutum daban. Nu'man ya gyaɗa kai kawai. Haulatu ma da ta ji, ko hawaye ba ta yi ba, ta ci gaba da jera magani.

Da Nu'man ya zo neman aurenta, mahaifinta, Malam Maccido, bai yi faɗa ba. Ya nuna musu ƙanensa Idi a zaure, hannu na rawa, yana kallon bango. Idi ma a da gwarzon fage ne, yau ko sunan 'ya'yansa bai riƙe ba.

"Na yi jinyar ɗan dambe guda. Ba ni ba da ɗiyata ta yi ta biyu."

"Baba, wallahi na bari," in ji Nu'man.

"Idi ma ya rantse min. A buga takenka mu gani."

Kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da makaɗi ke kiransa da shi. Wanda aka buga wa nasa ya ƙi tashi, ya zama abin dariya har gaban 'ya'yansa.

Malam Maccido da kansa ya kai Nu'man fagen dambe na Gidan Katta, ya zaunar da shi a gaba. Makaɗi na hango shi ya juya kalangu. Fili ya ɗauki ihu. Hagun Nu'man ta dunƙule da kanta, ƙafarsa ta fara motsi. Ya sunkuyar da kai. Aka kira shi matsoraci, wani ya jefo masa ɗankwali ya ce ya ɗaura. Bai tashi ba har makaɗin ya gaji ya koma kan wani.

Tsohon ya dafa kafaɗarsa. "Tashi mu tahi gida, ɗana."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, ba kiɗa, saboda kan ango. Ciwon bai tafi ba, likita ma bai yi alkawarin zai tafi ba. Da aka kai amarya da yamma, Nu'man ya zauna gefenta ya ce, "Hasken idona, in wata rana na tashi ban san sunanki ba fa?"

"Sai in hwaɗa maka."

"In na sake mantawa?"

"In sake hwaɗi. Ai gida guda muke."

Sai ga hawaye a idonsa, karo na farko tun bara, har shi kansa ya yi mamaki. Daga tsakar gida ana jiyo muryar Malam Maccido: Allah ya ba su zaman lafiya, ya bar wa yaron nan hankalinsa. Duk gidan suka ce amin.