Gangaren Da Ya Ci Hamidu

A kan gangaren da ke bayan Riruwai Zuwaira ta fara ganin Rufa'i, direban kamfanin kuza, a zamanin da motocin ƙasar ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Tasa irin mai ja da ƙafa huɗu ce. Ya tsayar da ita, ya sauke fasinja, ya taka da ƙafa yana duba hanya. Nan ya iske ta zaune kan dutse tana hawaye.

"Ƙanwata, lafiya?"

"Nan mota ta kife da yayana Hamidu bara," in ji ta. "Direban ya sake ta ba giya, wai yana tattalin mai."

Rufa'i ya yi masa addu'a, ya koma ya sauko da motar kamar mai tafiya kan ƙwai. Zuwaira ta yi murmushin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Kai kam Hawainiya ne."

Ya tambayi sunanta, ta faɗa masa, nan take shi ma ya yi mata laƙabi.

"Na karɓi sunan, Zuwaina, in dai daga bakinki zai riƙa fitowa."

So ya kama su, kamu ba na wasa ba. Amma da magabatan Rufa'i suka je, mahaifinta Malam Shitu ya ce atafau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Mota ta ci mini ɗa, ba za ta mayar mini da 'ya bazawara ba. Ga Mainasara mai hatsi, ƙafarsa a ƙasa take."

Zuwaira ba ta yi musu ba, sai dai ta rame, abinci ya daina shiga. Abin tausayi, uba na gudun rasa ɗaya, ga shi yana rasa ta a gabansa.

Wata ranar kasuwa, tsohon ya ɗaure ya shiga motar Rufa'i zuwa Tudun Wada, Zuwaira na baya. A bakin gangaren kowa ya sauka, shi ya ƙi.

"Baba, don Allah ka sauka," in ji Rufa'i.

"Ba inda za ni. Nuna mini yadda ya kamata a sauko da ɗana."

Zuwaira ta tsaya a gefe tana kallo. Duk abin da ya rage mata a duniya yana cikin motar nan.

Rufa'i ya yi bisimilla, ya sa ƙaramar giya, ya janye ƙafa daga kuloci. Ya miƙe hancin motar tsaye, bai yarda ta karkace ba, birki ma sai ɗan taɓawa. Injin na gurnani, motar kuwa tana rarrafe, har suka wuce ramin da ya ci Hamidu.

Da Zuwaira ta iso ƙasa a guje, ta tarar da mahaifinta ya kifa kai yana kuka kamar yaro.

"Ashe abin da ya raba ni da Hamidu ke nan? Ɗan haƙurin nan kawai?"

Ya share ido, ya dubi Rufa'i. "Na ba ka ita. Ka riƙe ta yadda ka riƙe motar nan."

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka sha albarka. Ranar kai amarya, Rufa'i ya tsaya a bakin gangaren kamar kullum, 'yan rakiya suka sauka.

"Zuwaina, sauka mana."

"A'a, Hawainiyata. Daga yau tare za mu riƙa saukarsa."

Allah Ya jiƙan Hamidu, su kuma Ya ba su zaman lafiya.