Ruwan Zafi a Gindin Tsamiya

Ku matso kusa, ku rage surutu. Wannan a kan Anti Sahura ya faru, ma'aikaciyar jinyar nan da ba ta gaisawa da hannun dama.

A lokacin, birni ya ishe ta. Hayaƙi, hon ɗin motoci, kukan marasa lafiya. Wata Asabar ta ce wa mijinta Mudi su fita ƙauye shan iska, ko kunnenta ya huta. Suka ɗauki 'yarsu Ikilima mai shekara uku, da tabarma, da dambun nama, da burodi da zuma, da fulas ɗin shayi.

Suka sami wata tsamiya a bakin rafi. Inuwa mai sanyi, ba kowa. Aka ci aka ƙoshi. Mudi da yarinyar suka ɓingire da barci, rana tana tsaka.

Sahura ta ɗauraye kofuna da sauran ruwan zafi, ta watsa a gindin bishiyar. Ko bisimilla ba ta yi ba. Kakarta ta sha hana ta haka, amma kun san 'yan boko, dariya take yi.

Tsuntsaye suka yi tsit. Sai wani siririn kuka, kamar na ɗan mage.

Da ta ɗago, ga wata mata tsaye da goyo. Ba ta ji tahowarta ba. A ƙasan zaninta kofato ne.

"Baiwar Allah, ke ce mai ruwan zafi?"

Matar tana gabanta, amma muryar daga bayan kunnenta ta fito.

Sahura ta girgiza Mudi. Ko motsi bai yi ba.

Matar ta kwance goyon. Jariri ne, bayansa duk ya saluɓe.

"A nan na shimfiɗe shi," in ji ta. Ta juya ta ƙura wa Ikilima ido. "Ke ma na ga kina da taki."

Tsoro ya kama Sahura har cikin ƙashi, amma shekararta tara tana wanke ƙuna. Ta miƙa hannu.

"Ba ni shi, Inna."

Yaron ya yi nauyin turmi. Ta zuba masa ruwan sanyi a hankali, ta shafa masa zuma, tana ta bisimillar da ta manta ɗazu. Kukan ya lafa. Fatar ta haɗe a gaban idonta.

"Ciwon ya tafi," in ji matar. "Zafin ba ya tafiya. Sai wani ya ɗauka. Ke, ko ita?"

Sahura ba ta ko waiwaya ba. Ta ba ta hannun dama.

Da Mudi ya farka, ya tarar da ita zaune, hannunta tsome cikin rafi, ruwan yana tururi.

Har yau hannun nan zafi yake kamar murfin tukunya. A asibiti sai ta sa safa biyu. Tun ranar ba ta ƙara taɓa 'yarta da shi ba. Bara aka kai Ikilima ɗakin miji, ina tsaye a wurin. Da hagu uwar ta shafa mata kai, tana kuka, dangin ango suna ta zunɗenta wai ba ta san daidai ba.

In kun je shan iska, kar wanda ya rage ido biyu shi kaɗai a gindin tsamiya. Kuma kowane ruwa za ku zubar, ku fara ambaton Allah, don ƙasar nan ba mu kaɗai muke shimfiɗa 'ya'ya a kanta ba.