Ƙwayar da Hajiya ta zubar

Ku matso ku ji, wallahi ko jakar makaranta ban ajiye ba! Labarin Yayata ne da mijinta, Injiniya mai gyaran waya, kuma yau ɗin nan ya zo ƙarshe. Amma in na fara ta ƙarshen ba za ku ji daɗinsa ba, don sai da muka sha kuka kamar idonmu zai zazzago. Bari in ɗauko muku daga tushe.

Duk ƙarshen mako Injiniya yakan zauna a falo, ya kunna 'yar fitilar da yake duba cikin waya da ita, ya ɗauko sabuwar reza da hantsaki. Ba waya zai gyara ba, ƙwayar maganin Yaya zai yanka.

"Madam, matso ki ga aiki! Ko waɗanda suka yi maganin ba su isa su raba shi haka ba."

"Rage cika baki dai. Wancan satin ba ɗaya ce ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin kujera ba, muka yi ta rarrafe kamar yara?"

"Ai reza ta gani ta tsorata!"

Sai su kwashe da dariya, ya jera gutsattsarin cikin ɗan akwatin da yake zuba ƙananan kusoshin waya, kowace rana da gidanta.

Maganin na ciwon damuwa ne. Tun rasuwar Abbanmu Yaya ta zama kamar ba ita ba, ba ci, ba wanka, ba magana, sai kallon bango. Likita ne ya ɗora ta a kan maganin, ta yi shekaru tana sha, ta dawo mutum. Injiniya ya sani tun kafin aure, ita da bakinta ta faɗa masa. Da suka fara marmarin haihuwa sai likitan ya ce to, za a rage, amma a hankali. "Wanda ke saman bene ba ya dirowa," in ji shi, "matakala yake bi." Daga guda aka koma rabi, daga rabi aka gangaro kwata, kowane mataki sai an yi watanni.

Abu ɗaya Injiniya ya roƙe ta.

"Don Allah kar Hajiya ta sani. Kin san mahaifiyata, tana jin an ce likitan ƙwaƙwalwa shi ke nan, dangi kaf sun ji."

Yaya ta ce to. Wannan "to" ɗin ce ta ja mata.

Sai ga Hajiya ta zo musu kwana biyu, za ta ga likitan gwiwa. Tun daga ƙofa ta fara.

"Oh ni! Gida shiru kamar laburare. Ko kukan mage babu, balle na jariri."

Yaya ta yi murmushi ta karɓi jakarta.

Ranar da abin ya faru Injiniya yana shago. Kusar gilashin idon Hajiya ce ta faɗi, hannun gilashin ya cire. Ta ce ai ɗanta ba zai rasa irinta ba, ta jawo durowarsa, ta buɗe ɗan akwatin nan. Maimakon kusa sai ga farin abu a gutsure, an jera reras.

"Ke! Zo nan. Wannan fa?"

Yaya ta matso. "Magani ne, Hajiya."

"Na ga magani ne, ai ban makance ba. Na mene ne?"

Yaya ta buɗe baki, ta tuna alkawari, ta rufe.

"Na sani! Wallahi zuciyata ta daɗe tana faɗa min! Na hana haihuwa ne! Shi ya sa ake gutsuttsura shi ana ɓoyewa cikin kayan aikin ɗana. Ni ina can ina addu'a, ke kina nan kina toshewa!"

"Hajiya ba haka—"

"Rufe min baki!"

Ta kwashi akwatin, ta lalubo sauran katin maganin a durowa, ta nufi banɗaki. Yaya na tsaye ta ji ƙarar ruwa ya tafi da su.

Da yamma Injiniya ya dawo ya tarar da shari'a. Hajiya ta zazzage masa komai. Yaya ta zuba masa ido, tana jiran ya buɗe baki ya wanke ta. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri Hajiya. Ba za a sake ba."

Ba za a sake ba fa, jama'a!

Suna shiga ɗaki Yaya ta juyo, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Me ba za a sake ba? Ka amsa mata laifin da ban yi ba?"

"Yi a hankali mana, za ta ji. Madam, saurare ni. Kwata ce fa ta rage. Kwata! Ko ƙwayar shinkafa ta fi ta girma. Ki ɗauka kawai kin gama."

"Dokta ya ce ƙarshen ya fi wuya."

"Likitoci da tsoratarwa! In na sayo wani yanzu ta gani, gidan nan ba zai zaunu ba. Ki daure, don ni."

Don shi ɗin ta daure.

Da farko lafiya lau, har yana cewa, "Kin gani ko?" Sai abu ya taso. In ta miƙe, ɗakin ya juya da ita. In ta juya ido gefe, sai ta ji zit! a cikin kanta, kamar an jona mata wayar wuta. Gumi ya jiƙe mata riga alhali fanka na gudu. Barci ya ƙi, in ya zo kuma da munanan mafarkai. Cokali ya faɗi a kicin, ta tsuguna tana kuka kamar an yi mutuwa. Ƙamshin girki kuwa, da ta shaƙa sai amai.

To ku ji inda abin ya fi ciwo. Hajiya ta ga jiri, ta ga amai, ta ga kuka ba dalili, sai ta saka guɗa!

"Alhamdulillahi! Ba na faɗa ba? Ana zubar da mugun abin nan ga ciki ya shiga!"

Nan take ta sauya. Matar da ba ta amsa gaisuwar Yaya ta koma "sannu 'yata", "kar ki ɗaga bokitin nan", "kwanta ni zan ɗora". Ta ɗage tafiyarta. Ta ɗaure gilashinta da zare ta dinga kiran 'yan'uwa a waya tana raɗa mai ƙarfi. Yaya na kwance tana ji, kanta na zit-zit, ta san babu komai a cikinta sai azaba.

"Ka faɗa mata," ta roƙi Injiniya. "Don girman Allah ka faɗa mata."

"Dubi yadda take murna. Bari dai ta ɗan... zan faɗa, ki ba ni lokaci."

Rannan Hajiya ta dawo daga asibitin gwiwa da 'yar leda. Ta zauna bakin gadon Yaya, ta zaro safar jarirai, 'yar mitsitsiya, fara sol, ta ɗora mata a tafin hannu.

"Na gani a hanya na kasa wucewa."

Yaya ta dubi safar nan. Ita da ta yi watanni tana gutsurar magani don ta ga ranar da za ta saka wa ɗanta irin wannan! Ba ta san sanda ihu ya ƙwace mata ba.

"Ba ni da ciki! Ba ni da komai! Ki tambayi ɗanki maganin mene ne kika zubar!"

Injiniya na tsaye a bakin ƙofa. Hajiya ta juya ta dube shi. Yaya ma ta dube shi. Wallahi ko a nan bai ce uffan ba.

Yaya ta jawo mayafinta, tana dafa bango ta fita. Da kyar mai tasi ya kawo ta gidanmu. Umma na buɗe ƙofa ta faɗa jikinta.

Washegari Umma ta kai ta wurin likita. Ya riƙe kai.

"Wa ya ce ki tsaya lokaci ɗaya? Ba ciwon ne ya dawo ba, jikinki ne ya saba da maganin aka fizge masa. Sai mun koma rabi, in kin daidaita mu sake gangarowa, a hankali fiye da da."

Rabi! Duk wahalar watannin nan ta bi ruwa. Yaya ta yi kuka a mota har muryarta ta dishe.

Injiniya kullum sai ya zo, kullum Yaya ta ce tana barci. Umma ba ta kore shi ba, ba ta kuma ba shi kujera ba. Sai da jirin ya lafa Yaya ta fito ta same shi a bakin get, ya rame kamar shi ne majinyacin.

"Madam, sori. Wallahi na—"

"Kar ka ce min Madam. Hajiya ba ta san abin da ta zubar ba, ita na yafe mata. Kai fa? Kai ne kake yanka min shi da hannunka. Ashe kana yanka shi ne kana jin kunyata."

"Ba kunyarki nake ji ba."

"To me ya sa kake ɓoye ni cikin akwatin kusoshi? In matar da ke shan maganin nan ba ta isa a nuna wa mahaifiyarka ba, ka bar ni a gidanmu. A nan ba a ɓoye ni."

Ta shige ta bar shi tsaye.

Abin da ya yi daga nan, shi da bakinsa ya ba mu labari. Ya biya kemis da takardar likita ya sayi maganin. Ya isa gida, ya jawo tebur gaban Hajiya, ya kunna fitilarsa, ya zaro reza, ya fara yanka.

"Me zan gani haka?"

"Maganin matata ne, Hajiya. Na ciwon damuwa. Ni nake yanka mata, ni na saka shi a akwatin, ni na hana ta faɗa miki. Tana rage shi ne don mu samu haihuwar da kike so."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Mai taɓin hankali ka auro min kana sane?"

"Lafiyarta ƙalau. Mahaifinta ne ya rasu, zuciyarta ta kasa ɗauka." Ya ajiye rezar. "Hajiya, kin tuna bayan rasuwar Baba? Kin tuna labulen ɗakinki da ba a ɗagawa? Ni nake dafa mana abinci ina tsaye kan kujera don ban kai bakin tukunya ba. In kawo miki, in dawo in ɗauke shi yadda na ajiye. Kowa cewa yake ki yi haƙuri. Ba wanda ya kai ki asibiti. Ita an kai ta, shi ne kawai bambancinku."

Hajiya ta tashi ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ya ce har ya gama yankan yana jin shesshekarta.

Ba ta zo washegari ba, Hajiya ce fa. Sai da aka kwana biyu muka ji sallama. Ga ta da sandarta, gilashi ɗaure da zare, akwatin kusoshi a hannu. Ta zauna gaban Yaya ta daɗe tana juya akwatin.

"'Yata, irin abin nan... kamar an ɗora miki dutse a ƙirji, gari ya waye ki ji haushin wayewarsa?"

Yaya ta ɗaga kai.

"Na san shi," in ji Hajiya. "Ban dai san yana da suna ba."

Suka rungume juna. Umma na kuka, ni ina kuka, Injiniya na leƙe ta taga yana share ido da hular kansa.

Yaya ta koma ɗakinta, amma kar ku ɗauka shi ke nan. An sha fama! Duk sanda aka rage sai jirin ya leƙo, zit-zit ɗin ya dawo, wani lokacin likita ya ce a dakata tukuna. Akwatin dai ya bar durowa, ya dawo kan tebur a falo inda kowa ke gani. Hajiya kuwa ta zama 'yar sanda, kullum sai ta bugo waya: "An sha? Kar wanda ya yi min gaggawa!" Wata ƙanwar Hajiyar ta taɓa cewa wai me ake jira har yanzu, Hajiya ta wanke ta tas.

To yau, daga makaranta na biya gidan, na tarar da su a falo. Likita ya ce wannan ne na ƙarshe, ɗan ɓurɓushi da sai da hantsaki ake ɗaukarsa. Hajiya ce ta miƙa mata ruwa. Yaya ta haɗiye, ta dubi akwatin wayam, sai hawaye.

"Kukan na mene ne kuma, Madam?"

"Na daɗi ne, Injiniya. Bar ni in yi abina."

Ya karɓi akwatin ya mayar da kusoshinsa, ya zaɓi guda ya ɗaure wa Hajiya gilashinta, bayan duk watannin nan da zare! Ta saka, ta ƙare masa kallo.

"Af, ashe haka ka yi muni ban sani ba?"

Muka tuntsire da dariya.

Ni dai abin da na koya, maganin da aka daɗe ana sha ba a yanke shi dare ɗaya, komai ƙanƙantarsa, sai da likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, ba abin kunya ba. Wanda kuma yake sonka tsakani da Allah ba zai ɓoye ka don gudun bakin mutane ba. Mai haƙuri dai yana tare da riba.

Ciki kuwa babu tukuna, kar ku fara yaɗawa! Da zan fito na ga Hajiya ta buɗe jakarta ta nuna wa Yaya 'yar farar safar nan a naɗe cikin hankici.

"Tana nan na adana," ta ce. "Safa ba ta ruɓewa. Ki huta tukuna, 'yata."