Fim Ɗin Mama a Tukunyar Stavro

"Ina gwangwanayen fim ɗin, Ramzi?"

Bai ɗago ba, sai wasa yake da tuntun jar darar da ke kan gwiwarsa. Sati uku ke nan da ya karɓe su, wai zai sa a haska mini kafin bikinmu.

Fim ɗin Mama ne, na zamanin da fim ba ya magana. Ina shekara huɗu ta rasu. Gobara ta cinye sauran kofe-kofen, namu kaɗai ya rage a duk Iskandariya, ni kuwa ban taɓa kallonsa ba.

"Insaf, hasken idona, zauna mana..."

"Ina suke?!"

"Umma ce ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da matar da ƙarti ke kallon gashinta a bango ba. Sai na... na kai wa Stavro."

Stavro! Bagirken nan na bayan tashar jirgi, mai narka tsofaffin finafinai yana tace azurfa.

Ban san yadda na isa rumfarsa ba. Wari ya tare ni tun daga ƙofa. Wata ƙatuwar tukunya na tafasa, baƙin ruwa mai yauƙi yana kumfa.

"Na matar nan mai tsayuwa bakin teku?" in ji Stavro, yana share hannu a riga. "Tun Talata, 'yata. Azurfarsa ko cokali ba ta cika ba."

Nan na durƙusa na yi ta sheƙa amai.

Ramzi ya iso, hankici a hanci, yana ɗage ƙafa kada takalminsa ya ɓaci.

"Don mu na yi, masoyiyata! Yanzu me zai hana auren?"

Ya kamo hannuna. Wallahi ji na yi kamar tsaka ta hau ni. Wannan hannun na shekara biyu ina mafarki?

"Tir! Sake ni."

Na zare zobensa na ajiye masa a bakin tukunyar.

Ina tsoron fuskar Baba, don ya gama gayyatar dangi har na garin Tanta. Ya saurare ni shiru, bai ko ambaci bikin ba.

"A fim ɗin akwai inda take waiwayowa ta yi dariya," ya ce. "Ni take yi wa... ina tsaye bayan mai ɗaukar hoton."

Hawaye ya jiƙa masa gemu. Ya jawo mini kujera.

"Zauna, 'yar Baba. Bari in ba ki shi daga farko, tun ban manta ba."