Madarar Fari da Gangar Baba Aƙilu

A zamanin da ake ciniki da kuɗin wuri, an yi wata yarinya a wani ƙauye kusa da Kafur. Tana da karsana guda, wadda kakanta ya ba ta ran suna.

Da karsanar ta haihu, sai yarinyar ta bi gida-gida tana raba madarar fari, kamar yadda aka saba. Kowa ya kurɓa ya sa albarka. Amma Baba Aƙilu, makaɗin noma, ya mayar da faifai ya rufe ƙwaryar.

Ya ce, "Allah ya yi albarka, 'yata. Ɗanyar madara ba ta shiri da cikina. In ta kwana ta yi tsami, ki kawo mini."

Ran yarinya ya ɓaci. Duk gari an sha, shi kaɗai ne mai ciki? Ta ce a ranta, "Raini ne kawai. Sai ya sha."

Ranar gayyar gonar babanta, samari suka taru da garemani. Dawa ta isa huɗa, ga ciyawa na neman cinye ta. Aka sa yarinyar dama wa makaɗi fura. Ta dama da ɗanyar madara, ta zuba ɗan kindirmo a kai don kada ya gane. Dubi wannan ɗanyen aiki! Dattijo ya yi bisimilla ya shanye, har yana gode mata.

Kafin rana ta take, cikinsa ya fara ƙugi yana murɗawa. Ya ajiye ganga ya nufi bayan kargo. Ya dawo, ya sake komawa. Da kiɗa ya tsaya, hannun samari ya mutu. Aka tashi ko rabin gona ba a yi ba.

Baban yarinya ya dubi ciyawar ya ce, "In ba a gama huɗar nan ba, me za mu ci bana?"

Yarinya ta fashe da kuka, ta faɗi abin da ta yi.

Innarta ta fusata. Ta ce, "Mutum ya faɗa miki gaskiyar cikinsa, kika mai da shi maƙaryaci? Kowane jariri yana shan nono. Amma bayan yaye, cikin wasu yakan daina karɓar ɗanyar madara. Ko babban kare ya sha da yawa, zawo yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Washegari yarinya ta kai wa Baba Aƙilu kindirmo, ta durƙusa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya sha, ya goge gemu. "Na yafe. Kin ga wannan? Da shi muke shiri. Miƙo mini gangata."

Samari suka ji kiɗa suka fito. Kafin la'asar an gama huɗa.

Tun daga ranar ta gane cewa in mutum ya ce abu yana cutar da shi, a yarda da shi, kada a tilasta masa.