Fo ɗin Mma Damata

Da hantsi Alhaji Jibirilu, dillalin doya a Salaga, ya kai rahoto cajofis: an sace mahaifiyarsa, Mma Damata, tsohuwar da ruɗewa ta kama har ba ta gane 'ya'yanta.

Sufeto Wadud ya tarar da gidan cike, jikoki da tattaɓa-kunne ana ta kuka. Ya leƙa ɗakin tsohuwar. Katifa na nan, amma babu ledar da ake shimfiɗawa a kai.

"Ina fo ɗinta na fitsari?"

Alhaji ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi.

"Wa ke mata wanka?"

"Ƙanwata Awawu. Da can karɓa-karɓa muke yi, daga Sallah zuwa Sallah. Ƙanenmu Faruq na Bawku ya daina zuwa ɗaukarta."

"Kai fa?"

"Sufeto, ai gidana take."

Aka nemi Awawu. Tana ɗakin ajiyar masara, barci take kamar an doke ta. Da ƙyar aka tashe ta.

"Na tafi ɗebo ruwa, na dawo ƙofa a buɗe," in ji ta. "Ban ga kowa ba."

Sufeto ya dubi hannayenta, duk sabulu ya cinye su.

Bayan azahar 'yan sandan Yendi suka bugo waya. An tsinci wata tsohuwa a tasha, rana ta galabaitar da ita, tana asibiti ana ƙara mata ruwa. Gefenta akwai jaka: leda, fo, filas na koko. Sun kama direban motar doya, Hudu. Ya ce tsohuwar ta ɓata masa kujera, ya sauke ta.

Sufeto ya zauna kan benci kusa da Awawu.

"Tana da rai," ya ce. "Ɓarawo ba ya haɗa wa mutum fo da koko, Awawu. Hudu ya faɗi wadda ta ba shi ita."

Awawu ta ɗago kai ta dube shi.

"Ƙofar Faruq na ce ya kai ta. Ya rantse mini. Ta sha kokon?"

"Ban sani ba."

"Ba ta sha sai an ce mata na baƙi ne, an rage mata."

Alhaji ya taso. "Uwarki kika ɗora a motar doya? Kin ci mutuncin gidan nan!"

"Yaya, fo ɗinta wane launi ne?"

Alhaji ya waiwaya ya dubi matarsa.

"Awawu, tashi mu je cajofis," in ji Sufeto, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ta shiga banɗaki ta fito da soso da sabulu, ta danƙa wa yayanta a hannu.

"Ruwan kada ya yi zafi. Ka fara da ƙafa, in ba haka ba za ta cije ka."

Ta shiga bayan motar 'yan sanda. Kafin su fita unguwa, barci ya sake ɗauke ta. Sufeto ya ce wa direba ya bi ramuka a hankali.