Motar Asibitin da Ta Tafi Toledo

Tau! Harbi ɗaya, shagon gwal ya yi tsit.

Lamont ya waiga. Yayansa Dwight na zaune a ƙasa, ya dafe ciki, yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba. Tsohuwa Misis Pruitt mai shagon na bayan kantar shagon, 'yar bindigarta a hannu. Da rana tsaka, jama'a, a garin Monroe!

"Kai! Tsohuwar nan ashe da ƙarfe take kwana!" in ji Rask, ogansu a wannan fashin. Ya fizge bindigar, ya tura ta cikin jaka, wadda ya riga ya zuba wayar hannunta a ciki. "Mu ware!"

"Oga, Dwight fa?"

"Jawo shi. Bari in kawo mota bakin ƙofa."

To, bari in gaya muku abin da ya ba su ƙarfin hali. Lamont ma'aikacin haɗa wayoyin ofis ne, irin masu bin intanet. Da tsohuwa ta taso da shagonta daga garin Toledo na maƙwabciyar jiha, shi ya haɗa mata. Irin wayar nan ba ta san inda take ba, adireshin da aka saka mata shi take faɗa wa masu amsa kiran gaggawa. Lamont ya bar tsohon adireshin da gangan. "Ta kira ta more," ya ce musu yana dariya. "'Yan sanda wata jiha za su nufa."

Kuma ta kira ɗin. Suna shigowa ta danna lambar gaggawa, ta ajiye kan wayar a ƙarƙashin kantar shagon. Mai amsa kira a Toledo ta ji ihu, ta ji harbi, ta tura 'yan sanda da motar asibiti. Suka dira tsohon shagon da jiniya, suka banke ƙofa, sai ga mata ana yi musu gyaran farce!

A Monroe kuwa, Lamont ya ji tayoyi sun yi ƙara. Ya leƙa. Motar Rask ta sha kwana, ba ta ko rage gudu ba.

"Ya fece ko?" Dwight ya yi murmushin wahala. "Na gaya maka ɗan iska ne, mai ƙaton kai."

"Rufe baki, Yaya. Adana numfashinka."

Nasu wayoyin a gida suka bar su, don kar a bi sawu. Lamont ya cafki wayar shagon, layin na nan a buɗe.

"Ku turo motar asibiti! An harbi mutum!"

"Malam, mutanenmu suna wurin, ba su ga kowa ba," in ji mai amsa kiran.

"Ba Toledo ba ne! Monroe, Michigan!"

"Nan Toledo nake gani. Waye ke magana?"

"Ni na haɗa wayar! Ni ne ɓarawon! Don Allah, baiwar Allah!"

"Motocinmu ba sa zuwa can. Zan haɗa ka da na Monroe. Kar ka kashe."

Allah sarki, tsohuwar nan. Ta zagayo, ta cire rigar sanyinta, ta durƙusa ta danna a cikin Dwight.

"Mama, ke kika harbe ni fa," in ji shi.

"Ni ce. Yi shiru, ɗan nan, kana ɓata mini aiki."

Wayar na ringin a kunnen Lamont. Aka ɗauka, wata sabuwar murya: a ina ne, wane titi, yana numfashi? Ya fara bayani daga farko. Yana cikin faɗar sunan titin ya ga tsohuwa ta sassauta hannu.

"Danna mana, Mama!"

Ba ta danna ba. Ta miƙa hannu ta rufe wa Dwight ido.

Ƙofar baya a buɗe take, Lamont bai ko kalle ta ba. A zaune 'yan sanda suka same shi, kan yayansa a cinyarsa.

Rask har yau ba labarinsa. Misis Pruitt ta rufe shago, ba ta ƙara barcin kirki ba. Uwarsu kuwa ta binne ɗaya, ɗayan tana ganinsa ta bayan gilashi a gidan yari. Duk zuwan da ta yi sai ta tambaye shi me ya hana motar asibiti zuwa da wuri, shi kuma sai ya ce mata cunkoson hanya ne.